Babi na Shida: Tukunyar Miya da Zuciyar Bagobiri

Shawarar da aka saba bayarwa a rediyo da wayar hannu game da kiyaye zuciya ba don mutumin Gatawa ko na Turba aka tsara ta ba. Ana cewa a rage ƙiba, a fita sassarfa da asuba, a guji kitse, a daina wuni a kan kujera. Manomin da ya wuni yana huɗa a gonar gero, da matar da ta yi surfe ta yi daka, ta ja guga, ta ɗauko itace a ka, idan suka ji haka murmushi kawai za su yi, su ƙara tabbata cewa ciwon zuciya kayan alhazan birni ne masu tumbi da mota. Akwai ƙamshin gaskiya a zaton nasu. Toshewar jijiyoyin zuciya da kitse, wadda ke kayar da mutanen Ingila da Amurka farat ɗaya, ba ita ce kan gaba a asibitocinmu ba. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya bi majinyata kimanin dubu da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashe tara na Afirka, har da Najeriya, ya samu cewa kusan kashi 45 cikin 100 hawan jini ne ya kai su gadon asibiti, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 10 ba. Matsakaicin shekarunsu 52 ne, wato magidanta da iyaye mata da ke tsakiyar ɗawainiya. Saboda haka a ƙasar Sabon Birni da Isa maganar kiyaye zuciya kusan dukkanta maganar hawan jini ce, shi kuwa hawan jini bai bar ramamme ba balle mai ƙiba. Abubuwa uku ne ke riƙe shi: awo, rage gishiri, da ƙwayar da ba a yankewa. Duka ukun talaka zai iya, ko da yana gudun hijira.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. A Najeriya, ƙididdiga daban-daban sun tsaya a kusan baligi ɗaya cikin uku yana da hawan jini, kuma akasarinsu ba su sani ba. Yadda yake lalata zuciya ba shi da wuyar fahimta ga duk mai noman rani a fadamar Rima. Idan aka matse bakin tiyo, injin ban-ruwa zai ci gaba da turo ruwa, amma da gurnani da zafi, har ranar da zai gaji ko tiyon ya fashe a inda ya fi rauni. Zuciya tana bugawa kusan sau dubu ɗari a yini. Idan jijiyoyi suka ƙanƙance suka yi tauri, naman zuciya yakan yi kauri don ya iya turawa, bayan shekaru ya saki ya buɗe, sai ruwa ya fara taruwa a huhu da ƙafafu. Nan ne ake ganin haki daga ɗan tattaki zuwa masallaci, da kasa kwanciya sai an jingina da matashi, da kumburin da yatsa ke lotsawa. In jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In a ƙoda ɓarnar ta sauka, sai wankin ƙoda a Sakkwato, wanda ko mai garken shanu sai ya ga bayan garkensa.

Abin da ya sa cutar ke cin mutane haka shi ne ba ta zuwa da zafi. Ana yawan jin mutum ya ce, "Ni in jinina ya hau ina sani, kaina ke sarawa." Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai, kuma mafi yawan ciwon kai ba daga gare shi yake ba. Na'urar awo ce kaɗai ke faɗa: idan aka auna mutum yana zaune a natse, a ranaku biyu daban-daban, aka samu 140 bisa 90 ko sama, to yana da shi, ko da jiya ya kayar da sa shi kaɗai. Wannan yana da wuyar haɗiya a ƙasar da ake renon yaro da labarin Bawa Jan Gwarzo, inda namiji ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa sai dai a kai shi. Idan kuma ranar ta zo, dattijo ya yanke jiki ya faɗi yana alwala, baki ya karkace, hannu ya saki, abin da ake fara cewa shi ne iska ta shafe shi, a nemi hayaƙi da rubutu, a ɓata sa'o'in da likita ya fi bukata. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki ana iya jingina su ga hawan jini. Binciken ya kuma ga cewa masu cin ganye kullum sun fi tsira, masu barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa sun fi faɗawa.

Mai karatu daga yankin zai iya tsayar da ni a nan ya ce: mutanen da ke kwana da takalmi a ƙafa, wa zai yi musu zancen gishiri? Tambayar tana da nauyi. A Mayun 2020 an kashe mutane da dama a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar 2021 an ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun 2019 dubban iyalai suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar. Ba wanda zai ce hawan jini ya fi wannan gaggawa. Amma rashin tsaron ne da kansa ya ƙara wa riga-kafi daraja. Mutumin Kano da jijiya ta fashe masa da dare yana iya isa babban asibiti kafin asuba. Mutumin Tozai ko Tsamaye sai ya jira gari ya waye, a nemi mota, a tambayi ko hanyar Goronyo ko ta dajin Gundumi tana biyuwa, a haɗa kuɗin da harajin 'yan bindiga ya riga ya cinye, kafin a kama hanyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Inda jinya ta yi nisa haka, hana faɗuwar ita ce kusan dukkan jinyar da ake da ita. Sannan gidan da maigida ya shanye ba ya iya gudu idan an shigo gari. Wanda ya taɓa ganin yadda ake goya tsoho a cikin dare ba zai kira wannan zance na masu hutu ba.

Akwai wata hujja da ta fi wannan daɗin ji, kuma ta fi ta ɓarna. Ana cewa tunani ne ke kawo hawan jini, don haka idan Allah ya kawo zaman lafiya, ko aka sako wanda aka sace, jinin zai sauka da kansa. Firgici da rashin barci suna ɗaga jini, binciken 2018 ɗin nan ma ya lissafa damuwa cikin abubuwan da ke kawo shanyewa. Sai dai jijiyar da ta riga ta yi tauri ba ta komawa yadda take don an samu labari mai daɗi, kuma mutane da yawa da ba su da wata damuwa suna ɗauke da cutar ta hanyar gado, shekaru, ko ciwon ƙoda. Damuwa kuma ita ce abin da mutumin Isa ya fi kasa iko da shi a yau. Ce masa "ka rage tunani" alhali ɗansa yana daji ana cinikin fansa, rashin ta ido ne. Gara a ba shi abin da ke hannunsa. Masu cewa ajali ba ya jiran awo kuwa, karatun da aka gada a ƙasar nan bai raba tawakkali da neman magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, ya bar rubuce-rubuce a kan likitanci, har da na ciwon basir. Ko Bagobirin da har yau bai huce da wancan yaƙi ba zai yarda cewa mutumin ya san tauhidi.

Abincin Gobir na asali, in aka duba shi da idon likitan zuciya, abin yabo ne. Furar gero da nono, tuwon gero ko na dawa, wake, kuka, kuɓewa, sure, rama, kwaɗon tamakka, kifin gulbi, albasa: likitocin Turai kuɗi suke sa majinyatansu su kashe kafin su ci irin wannan. Abin da ya canza cikin 'yan shekarun nan shi ne abin da ake jefawa a tukunyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da duk wanda ke ɓoye a cikin abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Farin magi yana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ɓangaren gishirin da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Kanwa ma, ja ko ungurnu, cike take da sodiyam, ga shi tana shiga wake, ɗanwake, miyar kuɓewa da kunu ba tare da kowa ya lissafa ta a gishiri ba. A tukunya ɗaya sai a samu gishiri da dunƙule uku ko huɗu da farin magi da kanwa, sannan a kawo yaji, wanda shi ma da gishiri da magi aka daka shi, a barbaɗa a sama. Ƙara da ƙullin ɗanɗanon taliyar leda da samari ke ci a teburin mai shayi. Cewa rage wannan yana ceton rai an gwada shi a ƙauyuka, ba a birni ba. A ƙasar Sin an bi mutum kusan 21,000 a ƙauyuka 600, aka musanya wa rabinsu gishirin girki da wanda aka rage wa sodiyam da kashi ɗaya cikin huɗu, aka cike da fotasiyam. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100, mutuwa da kashi 12.

Matan gida suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Miyar da babu nama babu kifi, in aka cire mata magi me ya rage? Sannan wa za a zaga in miya ta yi lami? A gidan da ake girki bi da bi, matar da ta rage gishiri ita kaɗai ta sayi raini a wurin miji da uwar miji, ta kuma ba abokiyar zamanta nasara a ɓagas. Shi ya sa wa'azin gishiri da ake yi wa mata a wurin awon ciki ba ya zuwa ko'ina. Maganar daga bakin maigida ya kamata ta fito, a gaban kowa, ta hau kan kowace mai girki. Kuma ba a yi ta dare ɗaya. Harshe yakan saba cikin makonni: a cire dunƙule ɗaya a wannan wata, a daina haɗa shi da farin magi, a ɗauke gishiri daga tabarmar cin abinci, a mayar da daddawar kalwa ko ta batso matsayinta na dā, a ƙara albasa da tafarnuwa da citta da garin busasshen kifi. Tukunya ɗaya ce ke ciyar da gida duka, don haka ragin yana kare har yaron da jininsa bai fara hawa ba. Masu cewa mai aiki a zafin bazara yana zubar da gishiri a gumi, gaskiya ne, amma jikin da ya saba da zafi yakan rage gishirin da ke fita, abin da ke cikin tuwo da miya kuma ya isa ya mayar. Wuri ɗaya ne ba a taɓawa: ruwan gishiri da suga na mai gudawa magani ne, a ba shi yadda aka saba.

Akwai ciwon zuciyar da ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitanci na duniya, kuma mata matasa yake kamawa. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana gazawar zuciya da ke zuwa a ƙarshen ciki ko watannin farko na jego, wadda ta kai kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari. Binciken da aka wallafa daga Sakkwato a 2007 ya samu kusan wannan adadin. Likitocin Zariya sun zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa suka tattara majinyata daga asibitoci da dama a faɗin ƙasar, kuma abin da suka wallafa a 2020 bai tabbatar da laifin al'adun ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin karatu, rashin sana'a, da hawan jini lokacin ciki, wanda in ya yi tsanani yake zama jijjiga. Wato yunwa da talauci sun fi tukunyar wanka laifi, abin da ya kamata ya sa masu saurin tsine wa al'ada su sassauta. Duk da haka, zuciyar da ta riga ta raunana ba ta ɗaukar lodin kanwa. Mai jegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, tari ya hana ta kwanciya, ba ƙarin ruwan zafi take bukata ba, kuma ba "ɗanyen jiki" ba ne. A dakatar da kunun kanwa a kai ta asibiti a ranar, domin da yawa suna warkewa in an fara magani da wuri.

Idan awo ya nuna jini ya hau sosai, gyaran miya kaɗai ba zai wadatar ba, sai ƙwaya. Nan ma akwai tsoro: wai in ka fara ba ka dainawa, jiki ya saba. Maganin ba ya sa maye ko sabo. Cutar ce ba ta tafiya, ƙwayar tana danne ta ne na yini guda, in an daina ta dawo. Ribar kuwa babba ce: tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna cewa saukar da lambar sama da maki 10 yana rage shanyewar jiki da gazawar zuciya da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. An ma san wanda ya fi dacewa da mu. Gwajin da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata, kuma tsohon magani ne mai araha da ake sha sau ɗaya a yini, mai azumi ya sha da sahur ko bayan buɗa-baki. Zoɓo yana ɗan saukar da jini, ƙananan bincike sun nuna haka, amma kaɗan ne, kuma zoɓon kasuwa cike yake da suga. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin da ake sha ba da sunan hawan jini ba. Haɗin ciwon jiki da manomi ke karɓa a kemis ko a tiren mai talla kowace yamma yawanci yana da diclofenac ko ibuprofen, waɗanda ke ɗaga jini su ci ƙoda in an daɗe ana sha. Maganin ƙiba da ake ba 'yan mata kafin aure sau da yawa dexamethasone ne, mai kawo hawan jini da ciwon suga. Taba kuwa, ta hayaƙi ko ta leɓe, babu adadinta da zuciya ke yafewa.

Saura tambayar wa zai yi awon, tunda likitoci ƙalilan ne a manyan asibitocin Isa da Sabon Birni, ƙananan asibitocin ƙauyuka da yawa kuma ma'aikatansu sun gudu tare da jama'a. Hawan jini na yau da kullum ba ya bukatar likitan zuciya. A 2020 aka fara wani shiri a asibitocin matakin farko 60 na Abuja, da wani makamancinsa a jihohin Kano da Ogun, inda malaman asibiti na unguwa ke aunawa su ba da magani bisa tsari ɗaya rubutacce, su tura mai tsanani gaba. Na'urar awo mai batir tana shiga aljihun riga, kuma duk wanda ya iya karanta lamba zai koye ta a zama ɗaya. Wurinta shi ne inda manya ke taruwa da kansu: ƙofar masallacin Juma'a, rumfar kasuwa, makarantar Islamiyyar matan aure, makarantun da 'yan gudun hijira ke kwana. Abin da tsarin Abuja bai hango ba, wanda wannan yanki ke bukata, shi ne yankewar hanya. An rufe iyakar Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 2023, an katse layukan waya a yankin a 2021, kuma kowane mako wata hanya tana iya mutuwa. Ba mai hawan jini maganin mako biyu a irin wannan wuri daidai yake da ce masa ya yanke. A ba wanda jininsa ya daidaita na wata uku, ya ajiye shi tare da kuɗi da katin shaida a abin da zai fara ɗauka in an yi gudu. A kuma rubuta masa a ɗan kati sunan maganin na asali da ƙarfinsa da awonsa na ƙarshe, domin kwalin kamfani yana canzawa daga kanti zuwa kanti, amma amlodipine miligiram 5 ko 10 haka sunansa yake a Shinkafi da Sakkwato, haka kuma mai kantin magani a Gidan Runji ko Maraɗi zai karanta shi ko da Faransanci ya yi karatu.